Kifin da Madam ta Rubuta

Shago na huɗu ke nan Ashiru ya fito, takardar ta jiƙe da gumi a hannunsa. Yau ne ranar gwajinsa na aikin kuku a gidan wata tsohuwar Baturiya da ta ƙi komawa ƙasarsu. Ƙarfe ɗaya take cin abinci, ga sha ɗaya ta gota. Komai ya samu, ƙwai, dankali, man salak, sai abu guda da ta rubuta a ƙasa: tunny.

Da ta miƙa masa takardar ya ga kalmar sarai, ya ce, "To, Madam." Tun yana yaro yake jin ubansa na cewa kukun da ya tambayi Madam ya kori kansa.

A babbar kasuwa Dije mai kifi ta juya takardar sama da ƙasa.

"Ɗan nan, kifi ne ko magani? Ga tarwaɗa, ga karfasa. Ɗauki ɗaya ka ce mata shi ne."

"Haba Iya, aikina fa!"

Wayarsa kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta san komai ba sai kira. Ya tsaya bakin titi yana cizon yatsa. Mutum ɗaya ya rage, ubansa, tsohon kuku, wanda rabonsa da gaishe shi wata biyu, tun ranar da Ashiru ya ce masa girkinsa ya bi Turawa ya tafi. Ya tare Keke Napep.

"Unguwar Shanu. Yi sauri don Allah."

Ya tarar da Baba Ila a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Ya durƙusa, gaisuwar ma a gaggauce, ya miƙa takardar. Tsohon bai yi boko ba, amma shekara talatin yana cefane da irin wannan rubutu. Ya nisanta ta da idonsa, sai ya yi dariya.

"Wannan matar ta kai tamanin ko?"

"Ta fi."

"Shi ya sa. Tuna ce, ta gwangwani. Babban kifin teku ne, haka Turawan wancan zamani suke kiransa. 'Ya'yansu ne suka sauya masa suna."

Ashiru ya dafe kai. A shagon farko ma sai da ya ɗauki gwangwanin ya mayar. Ya zabura, har ya kai bakin kwata, sai ya tsaya. Kifi dai ya samu, to yaya tsohuwa take son sa? Ya dawo ya sake durƙusawa.

"Baba, da me ake haɗawa?"

"Au, girkin da ya bi Turawa?"

"Ai kai ka ce kuku ba ya tambaya."

"Madam na ce. Ban ce ubanka ba." Ya ajiye rediyon, ya laluɓo takalmansa. "Tsayar mana da Keke, sai in faɗa maka a hanya. Barkono dai kada ka kuskura."