Inda Tsoho Genzo Ya Tsaya

"Kashe wannan abin," in ji tsoho Genzo, yana nuna wayar Natsuki da haɓa. "Waya ce za ta hau dandamali, ko ke?"

Natsuki ta kife wayar a kan tabarma. Numfashi na gagarar mutumin nan, amma faɗa bai gagare shi ba. Hali zanen dutse.

Bango ɗaya ya raba gidajensu a Hirosaki. Ta cikinsa ta fara jin shamisen ɗinsa, wani irin molo mai tsirkiya uku, tun tana firamare, har ya gaji da leƙenta ya ɗauke ta ɗaliba. Ya koya mata komai, ban da ƙarshen wani kiɗa da ya gada daga malaminsa makaho, wanda ba a taɓa rubutawa ba. Ranar da ya ji ta haɗa ƙungiya da masu jita da ganguna, har ta jona wa shamisen lasifika, sai ya rufe mata ƙofa. Shekaru suka shuɗe, sai gaisuwa a wurin zubar da shara. Kullum tana jin tarinsa ta bango, kullum kewarsa na cin ta.

Yanzu asibiti sun sallamo shi ya ƙarasa a gida, shi ne ya aika 'yarsa Masae ta kira ta, don ya koya mata ƙarshen kiɗan.

"Malam, in ban ɗauka a waya ba, zan manta."

"In kin manta, dama ba naki ba ne. Ɗauki shamisen ɗinki."

Yatsunsa sun kumbura, ba sa iya danne tsirkiya. Da baki ya koya mata, yadda na da suke yi, kowane bugu da sautinsa. "Ton. Tsun. Ten, ten." Yana faɗa, tana bugawa.

"A'a! Kina dukan ta kamar ta zagi uwarki. Wannan ba gangar yaron nan mai jan gashi ba ce."

"Malam, ashe ka taɓa ganinmu?"

"A talabijin," in ji Masae daga bakin ƙofa, ɗauke da shayi. "Har cewa ya yi in ƙara murya."

"Ke wa ya tambaye ki?"

Natsuki ta sunkuyar da kai tana dariya, idonta ya cika.

Kowace safiya takan share dusar ƙanƙarar ƙofarsa, ta cire takalmi ta shiga. Abin da yake iya bayarwa kullum raguwa yake. Wata safiya ya hau da kiɗan sama, sama, har inda ya kamata ya gangaro, sai murya ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon rufi.

"Saura kaɗan. Gobe."

"Malam, ko bugu biyu ne ka ƙara min."

"Sauri ya haifi nawa. Je ki maimaita wannan."

Washegari tana ɗaura takalmi ta lura bangon ya yi shiru. Can sai ta ji kukan Masae, ƙasa-ƙasa, irin na mai gudun damun maƙwabta.

Da bazara aka gayyaci ƙungiyar wasa a zauren gari. Wajen gwaji, Kohei mai ganga ya sosa jan gashinsa ya ce, "Mu ƙirƙiri ƙarshen kawai mana. Wa zai gane?"

"Ni."

Ranar wasan zaure ya cika maƙil. Jita na kuka, ganguna na girgiza katakon dandamali, shamisen na hawa a kansu, sama, sama, matasa na tsalle. Da ta kai inda tsoho ya tsaya, ta ɗauke hannu. Kohei ya daskare da sandunansa a sama. Ba wanda ya tafa, kowa na jiran saura. Ita ma ta ɗan karkata kai gefe tana jira, har tsirkiyar ta daina rawa.