Muryar da ke Bayan Raga

Koci tana durƙushe tana ɗaure igiyar da ke raba iyaye da fili sai ta ji an ajiye wani abu a gefen ƙafarta. Safar hannun gola ce, an cusa ɗaya cikin ɗaya kamar kayan da aka gama da su. Mai ita tana tsaye, kai a ƙasa, tana soka bakin takalminta cikin ciyawa.

Auta ce, 'yar shekara goma sha ɗaya, golar ƙungiyar 'yan matan makarantar. Yaran suna kiranta Maganaɗisu, don a wajen atisaye sai ka ce ƙwallo ce ke neman hannunta. Amma ranar wasa wata yarinya ce daban take shiga ragar, mai sanyin jiki, mai yawan waiwaye.

Ta ce yau za ta tsaya tunda babu wata, amma daga yau a nemi sabuwar gola. Koci ba ta tambayi dalili ba. Dalilin yana can bakin ƙofa yana kulle motarsa, tun daga nan ana jin gaisuwarsa da maigadi.

"Sa su dai yau," in ji Koci, tana miƙa mata safar. "Sauran magana sai an tashi."

Baban Auta direban bas ne. Shekara ashirin yana magana a kan ƙarar inji, har muryarsa ta manta yadda ake sauka. Sauran iyaye suna kiransa Lasifika a bayan idonsa. Ya sani, kuma daɗi yake ji. Abin da ya ɗaure wa Koci hannu shi ne ba ta da mai ƙaunar ƙungiyar kamarsa. Shi ke musanya ranar aikinsa don kada Asabar ta wuce shi. Shi ke kwasar yaran idan wasa ya kai su nesa. Ranar da aka yi ruwa, rigarsa ya cire ya lulluɓe ƙaramarsu.

Koci ba ta zauna haka nan ba. A farkon kaka ta rubuta ƙa'idoji ta ba iyaye su sa hannu. Shi ya fara, da wani sa hannu da ya cinye layi uku. Ta sayo igiya. Ya tsaya a bayanta da ladabi, sai dai murya ba ta san igiya ba. Ta kira taro ta yi magana a kan barin yara su yi wasansu. Ya fi kowa tafi, har ya miƙe ya ce gaskiya wasu iyayen suna da yawan surutu, a gyara.

Yau ma'aikaciyar jinyar da ta saba ɗaukar musu bidiyo, uwar mai lamba tara, tana bakin aiki. Koci ta dubi wayar da ke hannunta, ta dubi mutumin da ke nufar wurinsa na kullum a bayan raga. Ta yi tunanin wataƙila idan hannu ya samu aiki baki zai huta.

Da ta roƙe shi ya karɓa da hannu biyu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, hannun da ya riƙe sitiyari shekara ashirin ba ya rawa.

Bakin bai huta ba. Tun daga usur ɗin farko yake aiki: ta fito, ta koma, ta dubi hagu, wa ya koya mata tsayuwa haka. Koci tana gefen fili tana kallon kafaɗun yarinyar suna hawa zuwa kunnuwanta. Saura minti biyar a tafi hutu, wata ƙwallo mai sauƙi, irin wadda Auta ke kamawa tana dariya a atisayen ranar Laraba, ta gangara ta wuce ta gefen ƙafarta.

A hutun rabin lokaci Koci ta ba yaran ruwa, ta gaya musu abin da za ta gaya musu, sannan ta yafito shi. Ta ce tana so ta ga yadda ƙwallon ta shiga. Suka tsaya ƙarƙashin bishiya, ya cire hularsa ya kare hasken rana daga fuskar wayar.

Hoton bai yi rawa ba, gaskiyarsa. Ga Auta daga baya, ta ɗan rusuna, idonta a kan ƙwallo. Sai wata murya ta fashe daga cikin wayar, har ƙaramar lasifikar tana karkarwa.

Ya yamutsa fuska. "Wannan kuma wane ne yake hargowa haka a kusa da..."

Bai ƙarasa ba.

Muryar ta ce ta fito, yarinyar ta taka gaba. Muryar ta ce a'a, ta koma. A nan ta juyo, fuskarta ta cika wayar, idanun nan manya suna tambayar wanne za ta bi. A ƙasan hoton, inda babu mai kallo, ƙwallo ta wuce a hankali ta kwanta cikin raga.

Ya mayar da shi baya. Ya sake mayarwa. A karo na uku ya tsayar da shi daidai kan fuskar, ya daɗe yana dubawa. Koci ta yi wata uku tana shirya jawabin da za ta yi masa, tana bitarsa a hanya, tana gyara masa kalmomi. Yanzu ta neme shi ta rasa, kuma ba ta yi kewarsa ba.

"Ɗazu ta kawo mini safarta," ta ce. "Ta ce daga yau ta bari."

"Wadda na saya mata?"

"Ita."

Ya miƙo mata wayar, ya ce gara ya je ya zauna a mota. Ba ta karɓa ba. Ta ce akwai sauran rabin wasa, kuma akwai abin da take nema a ciki: tana so ta ji yadda Auta ke magana da 'yan bayanta idan ana kawo hari. A atisaye tana ji, amma a wasa ba ta taɓa ji ba.

"Tana magana?" ya tambaya.

"Sosai, Baban Auta."

Aka koma. Shirun da ya sauka a bayan raga har iyaye suka rinƙa leƙe. Wani tela, uban mai lamba huɗu, ya ce wa na kusa da shi da alama batirin Lasifika ya mutu, aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Auta ta waiwaya sau ɗaya, ta sake waiwayawa. Yana nan, waya a gaban fuskarsa, hularsa tsakanin haƙoransa. Ba ta yi na uku ba.

Can aka samu bugun kwana. Kafin a buga, wata siririyar murya ta tashi daga tsakiyar raga, tana cewa mai lamba huɗu ta riƙe doguwar, mai lamba biyu ta tsaya a jikin ƙarfe. Ƙwallo ta taso, muryar ta ce tata ce, kuma tata ta zama. Koci ta ji idonta ya yi zafi, ta duƙa tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ba su ci wasan ba. An ƙara musu ɗaya da babu golar da za ta tare, su ma suka rama ɗaya, aka tashi a haka. Ya kawo wayar ya ajiye a kan benci, gefen hularsa a jiƙe.

Koci tana tattara kaya ta kunna bidiyon rabin na biyu. Ana jin iska, ana jin takun ƙananan ƙafafu, ana jin Auta tana jera mutanenta. Kusa da wayar kuma ana jin numfashin babban mutum yana hawa yana sauka. Daidai lokacin da yarinyar ta cafe kwanar, wani abu ya kuɓuce ta gefen hular, a hankali har sai da Koci ta manna wayar a kunne: "Yauwa, uwata."

Ta buɗe jakar ƙwallaye ta duba, ta duba ƙarƙashin benci. Babu safar.

Da ta ɗaga kai ta hango su wajen ƙofa. Auta tana gaba tana tafiya da baya-baya, hannayenta biyu cikin safar suna zana yadda ƙwallon ta taso. Shi kuma ya sunkuyo da kai yana saurare, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa.

Koci ta naɗe igiyar ta jefa a jaka. Sannan ta rubuta wa ma'aikaciyar jinyar saƙo: Asabar mai zuwa ta zo ta zauna ta yi kallo abinta, an samu mai ɗaukar bidiyo.