Ragowar Irin Rama

Rabe ya sauke garewanin ruwa biyu a ƙofar gahawa, wato shagon shayin da ke bakin hanyar Tandabawi, ya zare sandan daga kafaɗarsa, ya tsaya yana murza wurin da ya yi kanta. Zuwansa na huɗu ke nan tun asuba daga bazan, matattarar ruwan unguwa inda masu ga-ruwa ke bin layi su cika garewaninsu. Mai gahawar ya juye ruwan a randa, ya koma wajen butocinsa.

"Malam Rabe! Yau babu bargo a wuya?"

Baba Tsoho ne, zaune a kan benci da ƙaramin kofin shayi a hannu, jakinsa na ɗaure a gefe da mangala cike da lalo da albasa. Mutumin Wudil ne, ya fi shekara talatin a Makka, yana kula da lambun wani Balarabe a Misfala.

"Na ajiye shi, Baba. Shekaranjiya ma da gumi na koma gida."

"Ai sanyi ya naɗe tabarmarsa. Ni a gwiwata nake ganewa. Da ta daina yi mini tsiya da asuba, na san ya kama hanya. Zauna mana, ya shaihu, ruwan ba gudu zai yi ba."

Rabe ya ɗosana a bakin bencin. Aka miƙo masa shayi.

"Bana dai ya ɗan taɓa mu," in ji shi. "Akwai safiyar da ruwan bazan ya kama mini yatsu, sai da na tuna gida."

"Wannan ne sanyi? Kun manta sanyi ke nan. Na garin nan ko tsohuwa ba ya sa wa ta hura wuta a ɗaki." Baba Tsoho ya kori ƙuda daga bakin kofinsa. "Ga 'yan albishir nan sun fara dawowa. In ka ga ƙuda ya yi ƙarfin hali haka, saura kwana hamsin, sittin, samum ta taso. Iskar nan da ke gasa mutum a tsaye."

Rabe ya yi dariya kaɗan, ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dube shi.

"Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

"Na ji da sauƙi. Yaya take?"

Rabe ya juya kofin a hannunsa. Ummulkhairi ce, 'yarsa ɗaya da ta iso Makka da rai cikin ukun da suka baro Ingawa da su. Mijinta Lurwanu yana dako a tashar jirgin ruwa a Jidda, shi ya sa ya kawo ta gida da laulayi ya kwantar da ita. Cikinta wata huɗu ke nan. Na bara a daidai nan ya zube.

"Ba abin da ke zama mata, Baba. Shinkafa, gurasa, kunu, duk dawowa suke. Yanzu ma ta daina karɓa. Jiya uwarta ta lallashe ta har ta gaji, sai cewa ta yi ita kwaɗon rama take so. Rama! Tana 'yar shekara tara rabonta da ita."

"Kun gwada lalo? Ga shi nan, ɗebi."

"Ko warinsa ba ta so. Tsamin nan na rama take nema."

"To, ba a sayar da rama a garin nan. Da da iri, da an san abin yi."

Rabe ya kurɓi shayinsa. Sannan ya ce, "Akwai iri."

Baba Tsoho ya ajiye kofi.

"Ƙanena ya aiko mini ta hannun wani alhaji, shekara biyu ke nan. Cikin tafi biyu. Bara na shuka rabi, ya fito, ya ƙone ƙurmus. Ragowar na nan a ƙulle, ina jira."

"Jiran me?"

"Lokaci mana. Bazara ta shigo, zafi ya yi zafi, hadari ya fara haɗowa."

"Yaushe ka shuka na baran?"

"Da na ga hadari ya taru ta wajen Ɗa'ifa, kwana uku a jere. Na ce ruwan shuka ne ke tafe, na yi binne."

Tsohon ya kwashe da dariya har da buga cinya, jakin ya ɗaga kunne. Mai gahawar ya leƙo ya tambaya da Larabci ko lafiya, Baba Tsoho ya yi masa alama da hannu.

"Binne! A Makka! Kai, manoman tudu, Allah Ya shirye ku. Malam Rabe, shekararka nawa a nan?"

"Takwas."

"A takwas ɗin nan, ka taɓa ganin damina ta biyo bazara?"

"Ban gani ba. Amma ai..."

"Hadarin da kake gani na mutanen dutse ne, can yake zubarwa, ko ɗigo ba ya aiko mana. Bana sau nawa aka yi ruwa?"

"Sau biyu. Cikin sanyi."

"To, ita ce daminarka. Ta zo, ta gaishe ka, ta wuce, kana lulluɓe da bargo."

Kunya ta kama Rabe. Ya tuna ranar ruwan na biyu, yana tsaye a ƙofar bukka yana kallon kwari na gudu, har ya ce wa matarsa wannan ruwan banza ne, ba na shuka ba. A Ingawa, wanda ya fita da sungumi a ƙarshen sanyi sai yara sun bi shi da waƙa. Ubansa bai taɓa yi ba, kakansa ma haka.

"Rama fa zafi take so, Baba."

"Babba ke son zafi, jaririya ba ta so. Ka shuka yau, kafin samum ta zo ka tsinki ganye sau biyu. Ka jira hadarinka, ka sake yin toyi."

"In kuma bai fito ba? Shi ke nan fa, babu wani."

"Iri mai shekara biyu, baɗi ma ba zai fito ba. A ƙullin yake mutuwa, kana gadinsa." Ya miƙe yana kwance jaki. "Kada ka sa a ƙasar gidanku, tsakuwa ce. Je ka kwari ka kwaso laka wadda ruwa ya ajiye, ka haɗa da kashin awaki. Gindin katangar yamma, inda rana ke barinsa da azahar. Ka jiƙa irin tukuna."

"Ruwa fa? Abin da nake kai wa gida da ƙyar yake kai mu magariba."

"Ku nawa ne masu salla a gidan?"

"Uku."

"Sau biyar sau uku. A kansa za ku riƙa alwala. Ni da ruwan alwala na raya kabewa a garin nan tun kafin a haifi 'yarka." Ya ja jakin, ya waiwayo. "Ka bar biyu su tsufa su yi 'ya'ya. Kada kwaɗayi ya sa ku cinye duka."

Rabe ya yi sauran zuwansa uku bai san ya yi su ba. A bazan wani ya taka masa ƙafa, bai tanka ba. Lissafin kwanaki kawai yake. Kwana uku ya tsiro. Kwana arba'in a tsinka. Arba'in ɗin nan ita ce ta tsaya masa a rai. Mutumin da ba ya cin abinci, ina zai kai kwana arba'in?

Da hantsi ya yi sosai, maimakon ya koma layi sai ya gangara kwari. Lakar tana nan yadda tsohon ya faɗa, ta bushe ta tsattsage kamar fasasshen kasko. Ya ɓare ta da hannu. Ƙarƙashinta da sauran danshi, har da ƙanshin da ya sani. Ya cika garewanin biyu ya saɓa.

Matarsa Asiya na tsakar gida tana tankaɗe, ta ga ya shigo.

"Malam, laka ce a garwar ruwa?"

"Zan wanke. Ta ci wani abu?"

"Ruwan zafi ta kurɓa." Ta rage murya, ta dubi ƙofar bukkar da aka saya da buhu. "Ko magana ba ta son yi."

"Ɗauko mini ƙullin nan da ke cikin akwati."

Asiya ta tsaya da rariya a hannu. "Yanzu? Kai da ka ce sai hadari ya..."

"Na ce. Ɗauko dai."

Ta kawo. Ya kwance tsumman a hankali, ya zuba irin a ƙoƙo, ya tsiyaya ruwa. Kaɗan suka taso sama, ya kwashe su ya yar. Sauran suka kwanta. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sa yatsu ya ware kamar kashi ɗaya cikin uku gefe.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Asiya.

"Ko da wani abu."

"Ka riga ka jiƙa shi, Malam. Jiƙaƙƙen iri ba ya komawa akwati."

Ya dubi yatsunsa, ya dube ta. Shi da ya yi shekara ashirin yana noma. Ya mayar da su cikin 'yan'uwansu.

Ya jera duwatsu a gindin katangar yamma, ya juye laka, ya roƙo kashin awaki a maƙwabta, ya farfasa ya cakuɗa. Wurin bai fi shimfiɗar buzu biyu ba. Bayan azahar inuwa ta sauko kansa daidai yadda aka ce. Ya durƙusa ya fara huda ƙasa da ɗan yatsa, yana bisimilla, yana jefa uku uku.

"Baba, sun yi kusa da juna."

Ya ɗago. Ummulkhairi ce a ƙofar bukka, ta dafa ginshiƙi, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Wuyanta ya yi tsawo. Kwana shida rabon da ya gan ta a tsaye. Sunan mahaifiyarsa gare ta, shi ya sa bai taɓa kiran ta da shi ba.

"Inna, koma ki kwanta, iska."

"Babu iska. Ɗumi ma ake yi." Ta tako a hankali, uwarta ta tura mata turmi ta zauna. "A bayan ɗakin kaka ba haka ake yi ba. Tana barin wajen taki ɗaya."

"Kin tuna wannan?"

"Ni ke riƙe mata ƙoƙon."

Ya miƙa mata ƙoƙon. Ta ɗora a cinya, tana ɗibar uku tana sa masa a tafi, shi kuma yana binnewa, yana buɗa tsakani yadda ta ce. Da wurin ya cika, sauran suka bi gefen duwatsu. Asiya ta kawo buta. Ya tsuguna a bakin shukar ya yi alwalar la'asar tun lokaci bai yi ba, ruwan na zuba daga gwiwar hannunsa, lakar na shanyewa tana yin baƙi.

"Kwana nawa, Baba?"

Ya so ya rage. Ya buɗe baki zai ce ashirin, ya kasa.

"Arba'in. In Allah Ya yarda."

"Arba'in," ta maimaita. Ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ta dubi hannuwanta. Rabe ya sunkuyar da kai yana gyara wani dutse da ba ya bukatar gyara.

"Da nisa," in ji ta. Ta juya wajen uwarta. "Inna, kunun safen nan, kin zubar?"

"Yana nan," in ji Asiya, ta riga ta miƙe.

"Ki sa mini tsamiya da yawa. Kaɗan zan gwada."