Abin da Mama Ta Ƙi Fassarawa

Tun zuwa na biyu da Fasto ya yi gidansu Auta ta fara zargin mahaifiyarta.

Babanta kurma ne tun haihuwa, tela kuma, shekara arba'in yana taka keken ɗinki a shagon da ke jikin gidansu kafin ciwon ƙoda ya kwantar da shi. An dawo da gadonsa falo, bakin taga, don ya riƙa kallon masu wucewa. Duk mai magana da shi sai ya bi ta kan Mama, don ita kaɗai ta iya maganar hannu irin tasa, wadda rabinta su biyu suka ƙirƙiro. Auta ta iya "ka ci abinci?" da "ina ke ciwo?", sauran kuwa makarantar kwana ta cinye.

A ranar, Fasto ya zauna ya yi bayanin Sama tiryan-tiryan. Babu ciwo, babu hawaye, kowa da sabon jiki. "Mama, ki gaya wa Baba, can kunnensa zai buɗe. Zai ji waƙar mala'iku da kansa!"

Mama ta motsa hannu sau uku. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya haɗe gira ya yi ta zuba magana da hannu biyu, yana nuna ƙirjinsa, yana nuna ta.

"Ya ce amin," in ji Mama.

Auta malamar makaranta ce, ta san fuskar wanda ya ɓoye takarda a ƙarƙashin benci. Ta bi ta kicin.

"Mama, me kika gaya masa?"

"Abin da Fasto ya ce."

"Wa'azin minti goma a motsi uku?"

"Na taƙaita. Fastonku in ya fara ba ya taka birki."

"Shi kuma Baba duk wannan dogon bayani amin ne?"

"Yaushe kika shiga aikin ɗan sanda? Miƙo min murfin tukunyar nan."

Abin ya tsaya wa Auta a rai. Likita ya ce makonni ne suka rage. Idan Baba ya daina gaskatawa ne, Mama ke rufa masa asiri don coci ta binne shi da mutunci? Ko ita ce ta tsaya tsakaninsa da bishara? Ba yau Mama ta fara jefa tambaya a taron mata ɗaki ya yi tsit ba.

Washegari da hantsi Mama ta fita sayen magani. Auta ta ɗauko tsohon littafin awonsa da biro, don Baba yana ɗan karatu. A ƙarƙashin awon wandon wani ta rubuta: "Baba, ka yarda akwai Sama?"

Ya kalle ta kamar ta tambaye shi ko almakashi na yanka. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: AKWAI. Ya ja layi. BA NA SON KUNNEN.

Sauran sai da suka sha wuya, rabi a takarda rabi a hannu, tana kuskure yana buge mata yatsa. Shi bai san muryar matarsa ba. Da hannu ya san ta, da ɗan yatsanta da ya karkace. Idan aka ba kowa sabon jiki, kowa na magana da baki, ta yaya zai gane ta? Wa ma zai tsaya ya kalli hannunsa? Abin da yake ta tambaya ke nan.

"Me Mama ta ce maka jiya?" ta rubuta.

TA CE GA MAGANAR KUNNEN NAN KUMA. NA GA BAKINTA TA CE AMIN. NI BAN CE BA.

Da Fasto ya dawo, Auta ta riga Mama zama a kujerar bakin gado.

"Tashi," Mama ta ce ƙasa-ƙasa. "Za ki sa a ce ubanki ya yi saɓo a bakin kabari."

"Tambayarsa ce, Mama, ba taki ba."

Ta karanta wa Fasto duka, ba ta rage komai ba. Ya cire tabarau ya goge, ga su kuwa fes.

"Baba, ban sani ba," ya ce a ƙarshe. "Ni na ɗauka albishir nake kawo maka. Abu ɗaya zan iya cewa. Da Ubangiji ya tashi daga matattu, bai zo da hannu sumul ba. Tabon ƙusar da aka gicciye shi da ita na nan, shi ya nuna wa mutanensa suka tabbatar shi ne."

Wannan ya fi ƙarfin hannun Auta. Dole ta juya ga Mama, ta kafa mata ido.

Mama ta ja tsaki, ta gyara zama. Wannan karon ta daɗe. Ta ɗaga kafaɗa alamar "ban sani ba" ɗin Fasto, ta dasa yatsa a tsakiyar tafinta, ta juya ta dasa a ɗayan. Baba bai yi dariya ba. Ya jima yana kallon hannuwanta kafin ya amsa.

"Ya ce..." Mama ta saci kallon Auta, ta sauke numfashi. "Ya ce tunda ka fara zuwa, 'ban sani ba' ɗin nan ce magana ta farko da ya yarda da ita. Ta tabon kuma ya ce zai yi tunani. Ka dawo Laraba, amma ka rage tsawo."

Auta ta dubi Baba. Idonsa na kan leɓen matarsa tun farko, ya kuma gyaɗa kai. Sai ya ƙara wani ɗan motsi da Auta ba ta taɓa gani ba. Mama ta kawar da fuska tana gyara ɗankwalin da bai goce ba.

"Wannan fa, Mama?" Fasto ya tambaya.

"Wannan ba naka ba ne," in ji ta.