Tsuntsayen Babbar Malama

"Ba zan bayar ba," in ji Babbar Malama. "Lemon dai na gode, ka ajiye a can. Littafin kuwa ba zan bayar ba."

Tana kwance a doguwar kujerar falonta, ƙafafunta sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Darakta, mai riƙe da makarantu shida na kamfanin da take wa aiki, ya ɗosana a bakin kujerar roba da ledar lemo a cinyarsa. Ƙaramar Malama na tsaye a bakin ƙofa, ko gaishe shi ba ta yi da kyau ba. Katanga ɗaya ta raba gidansu da na Babbar Malama, a wajen aiki kuma a ƙarƙashinta take.

Shekara goma sha ɗaya Babbar Malama ta yi tana kula da ɗakunan shawara na makarantun, inda yaro ke shiga ya faɗi abin da ke cin ransa. Ita ke horar da malaman ɗakunan, ita ke duba fayilolinsu duk mako. Ƙa'idarta ɗaya: ba a rubuta sunan yaro a fayil. Kowane yaro tsuntsu ne. Akwai Kurciya da ta daina barci tun rasuwar mahaifinta, akwai Kanari mai yankan hannunsa da reza. Wani ɗan littafi mai baƙin bango ne kaɗai ya san wace ce Kurciya, kuma yana ƙarƙashin matashinta.

A watan da ya wuce wata ɗaliba ta haɗiyi ƙwayoyi a banɗakin makaranta. An ceto ta, amma magana ta fita gari. Shi ne Darakta ya zo neman sunayen duk yaran da ke da irin wannan tunani. Ya ce don amfaninsu ne, iyayensu kawai za a kira.

"Waccan mai ƙwayoyin da ka kira iyayenta, tana wane aji yanzu?" Babbar Malama ta tambaye shi.

Ya dubi ledar lemon. Kowa ya san takardar sallama aka ba ta.

"Duk yaron da ransa ke cikin haɗari, da ƙafata na je gidansu, da hannuna na kai shi wurin likita. Kai ba magani kake nema ba, ranka ya daɗe. Tsintsiya kake nema."

Ya tafi ba sallama.

Kwana goma sha biyu Babbar Malama ta ƙara a duniya. Kullum da la'asar Ƙaramar Malama kan shigo da jakarta, ta shafa mata mai a ƙafa, ita kuma ta tsare ta da tambaya kamar suna ofis. Balbela ta fara cin abinci? Wa ya ce ki katse Kanari yana magana? In ta ba da amsa da zafi, sai tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce digiri biyu a kai, kunne ko ɗaya babu.

Ranar Litinin ta zaro littafin ta tura mata cikin jaka.

"Anti, ki bari sai kin warke."

"Ke yarinya, ni za ki yi wa shawara? Riƙe. In ya yi miki nauyi ki ƙona, amma kada ki miƙa."

Washegari da hantsi ta cika. A lokacin Ƙaramar Malama na zaune da Kurciya, wayarta a kashe, domin haka marigayiyar ta koya mata. Sai da aka tashi ta ga kiran mahaifiyarta har bakwai.

Kamfanin ya manna hotonta a ƙofar kowace makaranta, an rubuta "uwar yara" a ƙasa. Darakta ya zo ta'aziyya, ya yabe ta har muryarsa na rawa. A hanyar fita ya ja Ƙaramar Malama gefe, kusa da takalman mutane, ya ce kujerar marigayiya ba za ta zauna babu kowa ba, kuma ya san inda littafin yake.

"To ka san inda zai ci gaba da zama," ta ce.

Mahaifiyarta ta ji. Da suka koma gida ta ce mata wadda ta tafi ta tafi da aikinta, mai rai ke neman na abinci. Ta ce wannan taurin kai ba a nononta ta sha shi ba. Ƙaramar Malama ta ce ta sani, a maƙwabta ta sha.

Takardar sallamarta daga aiki ta iso kafin mako ya zagayo. An rufe ɗakunan shawara duka shida, an ce za a sake tsari. Nata ɗakin aka cika da karyayyun kujeru. Ta nemi aiki a makarantu huɗu, ko'ina aka ce za a kira ta.

Ba a ƙara korar yaro ko ɗaya ba. Amma ta rasa aikinta, yara tamanin da uku kuma sun rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa, kuma laifin wannan ba ta da wanda za ta ɗora wa shi kaɗai.

Ranar da magada suka zo kwashe kayan gidan, aka miƙo mata ledar lemon ta kan katanga, ko za ta zubar. Duk sun yamushe. Ta ajiye su a kan taga, kusa da littafin. Daga nesa ƙararrawar makaranta ta buga ta fita tara, lokacin da Kurciya ke zuwa.