Hannun Daman Iliyasu Direba

A shekarun farko na mulkin kai, duk mai bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san Iliyasu direba, ya kuma san motar Alhaji Badaru da yake ja. Tsohuwar lori ce mai bodin katako, ga taurin kai kamar jakin da ya ƙoshi. Ba ta tashi da makulli, sai an zura mata wani lanƙwasasshen ƙarfe a hanci an murɗa da ƙarfin tsiya. Iliyasu ba ya barin kowa ya taɓa ƙarfen nan, don yana ji da kansa cewa shi kaɗai take jin maganarsa.

Wata safiya a farkon damina ta nuna masa halinta. Yana cikin murɗawa ƙarfen ya dawo da baya, ya karya masa hannun dama. Aka ɗauke shi zuwa Surko wajen maɗori, ƙashi kuwa ya haɗu lafiya lau. Amma ranar da aka kwance ɗorin, Iliyasu ya dubi hannunsa bai gane shi ba. Ya tsotse ya zama sillen kara, fata tana reto, ko moɗar ruwa ya ɗaga sai ta yi ta rawa.

Alhaji Badaru ya zo gaishe shi, ya jujjuya hannun, sannan ya ce, "Malam Iliyasu, ni ban ƙi ka ba, amma mota ba ta san sabo ba. Hambali zai riƙe ta zuwa kaka. Ranar da za a fara jigilar gyaɗa, in ka tayar da ita da hannun nan, kujerarka tana nan. In abin ya gagara, sai dai ka yi haƙuri."

Hambalin nan ƙanin matar Alhaji ne, mutumin da ke sa giya kamar mai faskare. Duk sanda motar ta wuce ta bayan gida, Iliyasu yana jin kukan giyar har cikin haƙoransa, baƙin ciki ya cika shi.

Masu ba da shawara ba su yi wuyar samu ba. Abu mahauci ya rantse masa cewa naman kowace gaɓa gaɓar yake nema, don haka ya dinga cin ƙafar bijimin sa, ta gaba ta dama, ya shanye romon. Wasu suka ce ya haɗa da fura da kindirmo da man shanu, ya kuma killace hannun kada ya wahalar da shi. Iliyasu ya bi kowace, bai bar ko ɗaya ba. Ya rataye hannu a wuya, ya zauna a zaure yana ci kamar ragon layya.

Ƙiba kam ta zo, sai dai ta ɓata hanya. Kumatu suka ciko, wuya ya yi kauri, teɓa ta turo har mazagin wando ya fara ƙorafi. Hannun yana nan yadda maɗori ya bar shi. 'Yan tasha in sun zo sai su ce, "Direba, lallai jinya ta karɓe ka," su fita suna ƙunshe dariya.

Matarsa Turai ta daɗe tana kallon ikon Allah. Ba mai yawan magana ba ce, amma ran nan da ya tura mata wata ƙafar san ta dafa, sai ta ajiye ta gefe, ta miƙo masa hannunta.

"Maigida, taɓa nan."

Ya taɓa damtsenta. Tauri gare shi kamar icen ƙirya.

Ta ce, "Ni wace ƙafar sa na ci? Sauran tuwonka nake ci. Abinci inda ake aiki yake zuwa. Kai cikinka ne kaɗai ke aiki, shi ya sa shi ake biya."

Ya ce, "To wane aiki zan yi da wannan abin?"

Ta nuna masa dutsen niƙa da haɓa.

Iliyasu ya ji kamar ta mare shi. Shi da ake ɗaga wa hannu daga Maruta har Dingaya, shi zai durƙusa gaban dutsen niƙa? Ya yi fushi, ya ƙi cin abinci, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya karye. Washegari motar ta wuce ta bayan gida giya tana kururuwa. Ya tashi da kansa ya sakaya ƙofar zaure, ya shigo ya durƙusa.

Da farko ko tafin dawa bai iya niƙewa ba. Zufa ta yi ta ɗiga cikin gari, Turai tana tsaye a kansa ba ta ce masa sannu ba. Da ya fara sabawa ta mayar da shi bakin rijiyar gidan, ta ba shi ƙaramin guga, daga baya babba. Da gero ya nuna sai ta damƙa masa taɓarya. Ta daina zuba masa man shanu, ta koma dafa masa wake da gyaɗa, tana dama masa fura bayan ya gama aiki, ba kafin ya fara ba.

Maƙwabciyarsu Jummai ta taɓa ɗaga murya ta bayan katanga ta ce, "Turai, dakan naki kwanan nan ya sauya murya. Lafiya?"

Turai ta ce, "Sabuwar taɓarya na samu, ba ta gama laushi ba."

Iliyasu ya daskare da taɓarya a sama, kunya kamar ƙasa ta tsage. Amma a ranar ce, da ya zo alwala, ya ga wani ɗan tudu ya taso a damtsensa. Ya matsa shi, ya ji tauri. Daɗin da ya ji bai ji irinsa ba tun ranar da aka ba shi lasin. Daga nan ba a ƙara tura shi ba, shi ke tambaya ko akwai sauran surfe. Teɓa ta fara ja da baya, kafaɗa ta buɗe, ƙwanji ya fito ya zauna daram.

Ranar fara jigilar gyaɗa tasha ta cika maƙil. An loda buhuna, Alhaji Badaru yana tsaye, Hambali yana jingine da ƙofar mota kamar tasa. Da Iliyasu ya iso, Hambali ya miƙa masa ƙarfen yana cewa, "A yi a hankali, direba, maɗorin Surko ya tafi cin kasuwa."

Iliyasu ya karɓa. Sai da ya zura ƙarfen ya gane ba ƙarfi ne kaɗai ya rasa a damina ba. Ya ji tsohon ciwon yana motsi a ƙashi, tsoro ya kama shi sosai. Ya yi bisimilla, ya gyara tsayuwa, ya laluba har ya ji inda injin ke turjewa, sannan ya fizga. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Wani ya yi tsaki. Bai jira tsoron ya dawo ba, ya sake fizga da dukkan abin da ya tara, sai ga ta ta ɗauka da ruri, hayaƙi ya turnuƙe masu kallo.

Alhaji ya kama damtsen ya matsa, ya girgiza kai. Ya ce, "Hambali, ba shi wuri." Sannan ya rage murya, ko da yake kowa na ji. "Tsakaninka da Allah, wane malami ne ya yi maka aikin nan?"

Abu mahauci ya riga ya fara turo ƙirji yana jiran a ambace shi. Iliyasu ya dubi taron, direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho, mutanen da ba sa manta abin tsokana har a mutu. Ya san abin da zai biyo baya.

Ya ce, "Mai ɗakina ce, Alhaji. Niƙa ta sa ni, da daka, da jan ruwa. Duk tuwon da aka ci a gidana tun tsakiyar damina, ni na daka hatsinsa."

Tasha ta kece da dariya, har wani ya fara kiransa Sarkin Daka. Iliyasu bai sunkuyar da kai ba. Ya hau kujerarsa, ya sa giya ta shiga ba ko ƙara, ya leƙo ta taga ya ce, "Duk wanda ya gama dariyar ya zo mu gwada hannu."

Babu wanda ya matso. Ya saki birki ya kama hanyar Gwaram.