Maganar da Kawu Gwadabe Ya Riƙe

Mun baro Jahun ke nan, hantsi ya dubi ludayi, wayar Kawu Gwadabe ta yi ƙara. Mu huɗu ne a tafiyar: ni Muzammil, da aminina Ɗayyabu, da Abdulsalam mai faci, sai Kawu Gwadabe, ƙanin mahaifiyar Ɗayyabu, wanda ya rantse duk da furfurarsa sai ya nuna mana ba jiya ya fara hawa keke ba. Daga garinmu Balan, a ƙasar Gaya, muka tashi a kan kekuna har Nguru ta hanyoyin ƙauye, yanzu muna kan komowa. Kafin mu fito mun yi alkawari babu mai hawa mota ko mashin, ƙafar da ta fitar da mu ita za ta mayar da mu.

Kawu ya tsaya amsa waya, su Ɗayyabu suka yi gaba. Na ga ya dafe sirdi kamar mai jin jiri. Da na matso sai ya cafke hannuna.

"Zuhra ce, ƙanwar Ɗayyabu. Yaya Hansai ta rasu ɗazu. Da an idar da La'asar za a kai ta, ana tsoron ruwa."

Inna Hansai ita ce mahaifiyar Ɗayyabu, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Na yi innalillahi, na buɗe baki zan ƙwala masa kira, Kawu ya murɗe min hannu.

"Kul! Ba a faɗa wa matafiyi mutuwa a hanya. Sai ya sauka gida, manya sun zaunar da shi."

"To Kawu, mu ce jikinta ne ya tashi, ya hau mashin."

"Ɗayyabu yaro ne? Yana ji zai gane. So kake ya zube mana a daji? In muka taka da gaske, kafin La'asar muna Balan."

Wa zai ja da mutumin da yayarsa ce ta mutu? Ni ma haka na taso na ga ana yi. Muka hau, muka cim musu.

Wanda bai taɓa ƙoƙarin hanzarta mai farin ciki ba, bai san wahala ba. Ranar Ɗayyabu kamar an ba shi kujerar Makka. Ya saki kan keke ya rungume hannu, ya yi waƙa da muryarsa mai kama da ta agwagwa, ya tsaya yaba geron mutane kamar shi zai girbe. Na ce mu yi sauri, hadari na haɗowa. Ya ce, "Gishiri ne kai da za ka narke?"

Ana cikin haka ƙaya ta soke tayar Abdulsalam. Shi bai san komai ba, ya zauna ya baje kayan facinsa a natse, yana hura roba yana jiran gam ya sha iska. Ni kuwa ji nake kamar in fizge tayar in haɗiye. Ɗayyabu ya hango wani rafi a gefen hanya, ya tuɓe riga.

"Ina za ka?" na daka masa tsawa.

"Wanka. Ba zan shigar wa Inna da wannan tsamin ba, korata za ta yi."

Kawu ya juya mana baya, ya tsura wa wata gonar gyaɗa ido har aka gama wankan.

Daga nan hanya ta zama taɓo. Inda ya kamata mu taka, sai ga mu da kekuna a kafaɗa muna zamewa. Masu mashin na wuce mu ta gefen gona, kowanne ya wuce sai na ji zuciyata ta bi shi. A wani ƙauye muka yi Azahar. Ɗayyabu ya sa aka dama fura, ya miƙa wa Kawu ludayi, Kawu ya kai baki ya kasa haɗiyewa.

"Kawu, tsufa ya zo ke nan," in ji Ɗayyabu yana dariya. "Bari mu je gida in ba Inna labarin yadda ƙaninta ya sare."

Wayar ta sake ƙara. Kawu ya zagaya bayan masallaci, na bi shi. Na ji yana cewa, "Ku roƙi liman ya jira mu, don Allah ku roƙe shi, mun kusa." Ya kashe, ya dube ni da jajayen idanu. An yi mata wanka, an sa ta a likkafani, an gama haƙa kabari.

"Kawu, mu faɗa masa."

"Mun kusa, na ce maka."

Ba mu kusa ba, shi ma ya sani. Tsoro ya cika ni, ga haushin Kawu, ga tausayinsa, na rasa wanda zan ji a ciki.

Muka shigo Ajingi ranar kasuwa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ɗayyabu ya jingine kekensa ya kutsa rumfar masu goro, wai ba zai je wa Inna hannu rabbana ba. Yana ɗaga wannan yana ajiye wancan, sai ladan ya ɗaga murya. La'asar. Na dubi Kawu, ya sunkuyar da kai. Ban ƙara neman izinin kowa ba.

"Ɗayyabu, an bugo daga gida. Jikin Inna ya tashi sosai."

Bai tambayi komai ba. Bai ko waiwayi kekensa ba, balle alkawarin da muka yi. Mashin ɗin farko da ya gani ya ɗare, ni da Kawu muka ɗare na biyu, muka bar Abdulsalam da kekuna huɗu da baki buɗe. Duk hanya ina jin muryar Ɗayyabu daga gaba yana cewa, "Ƙara wuta, malam, don girman Allah ƙara wuta."

Yayyafi ya fara sauka muna shiga Balan. Kafin mu kai ƙofar gida muka yi kiciɓis da ayarin maza suna dawowa daga bayan gari, ƙafafunsu duk laka, biyu na ɗauke da makara babu kowa a ciki. Ɗayyabu ya diro tun mashin bai tsaya ba. Ya dubi makarar, ya dubi fuskokin mutane, ya durƙusa a tsakiyar hanya.

"Wa ya saka ta?" ya tambaya. Aka ce wani maƙwabci ne da ɗan liman.

Aka kewaye shi ana ba shi haƙuri. Wani dattijon unguwa ya zo ya kama hannun Kawu da hannu biyu, ya ɗaga murya irin ta wanda kunnensa ya yi nauyi.

"Gwadabe, ka yi dattako. Tun hantsi ka riƙe wannan magana a cikinka, ka kawo yaro gida lafiya. Haka ake yi, Allah ya yi maka albarka."

Ɗayyabu ya ɗago kai a hankali. Bai dubi Kawu ba, ni ya duba.

"Muzammil," ya ce. "Tun hantsi?"